Wane icce za ni dasa bayan ɗaki?

Ɗiyar Zariya:
Salamu alaikum 'yan uwa, ku amsa min da waƙa yadda muka saba don Allah

Iskar gabas ta farkon damina,
Ta karya turaren maƙwabcina,
Reshe ya faɗo bisa kwanona,
Wane icce mai inuwa za ni sa gidana?

Kawu na Mokoyo:
Ɗiyata, dogon yaro, wato bedi, za ki dasa,
Shekara kaɗan kin sha inuwarsa,
A kwarin Maggiya na Nijar aka yi layukansa,
Tun 1975 gero ke fakewa bayansa.

Yaya na Tibiri:
Kawu gafara, ni na zaɓi tsamiya,
Saiwarta na nutsewa kamar gugan rijiya,
Reshenta na lanƙwasa, ba ya karaya,
Ga kunu da azumi, ga tsami a miya,
Bedi kusa da katanga, tsaga ta zai yi gaba ɗaya.

Ɗiyar Zariya:
Haba Yaya, tsamiya ai sai jikoki,
Ni yanzu zafi ke kora ta daga ɗaki,
Kuma Inna ta ce can aljanu ke biki,
Gawo hwa? ko shi ma da cikas a aiki?

Kawu na Mokoyo:
hhhh Inna da maganar aljanunta, to gawo dai na gona ne ɗiyata, da damina yake zubda ganye ga ƙaya ga yara ba takalmi, bar shi can inda gero ke jin daɗinsa

Mai Dashe ta Gulbi:
Ku tsaya, ni ke rainon dashe a leda,
Abin da ke kada icce na ƙasa, ba sama ba,
Saiwa ta naɗe cikin leda ba a warware ba,
Ya girma da kai babba, gindi bai kama ba.
Ki yage ledar, ki datse abin da ya murɗe,
Rami mai zurfi, taki da ƙasa ki cakuɗe,
Ruwa ya ratsa ƙasa, ba yayyafin sama ba,
Kan hadari ya taso ki rage rassan da suka cunkushe,
Iska ta samu hanya ta wuce.

Ɗiyar Zariya:
Na gode Iya, biyu za ni ɗauka,
Bedi daga gabas, nesa da katanga da ɗaka,
Tsamiya tsakar gida, jikoki su sha albarka,
Ran 3 ga Agusta za mu haƙa mu shuka,
Kawu ka aro min waya, awakinka ne matsala, ba iska.

Kawu na Mokoyo:
awakina ba su taɓa bedi ɗaci gare shi, tsamiyar dai ki killace