Neman kalma: me za mu kira "shutter" na tsohuwar kyamara mai fim?

Mai Fassara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da aikin da zan miƙa wa maɗaba'a ranar Alhamis da safe. 'Yar takarda ce da za a raba wa matasa masu koyon gyaran tsofaffin kyamarori, kuma da Pentax K1000 za a yi darasin, don ita ba ta dogara da batir ba sai wajen awon haske. Fim na bar shi fim, dodon hoto ma yana nan yadda muka san shi. Wurare uku na maƙale: shutter, aperture, da baƙin soson nan na gefen murfin baya. Ta farkon ce ta fi damuna, kusan kowane sakin layi sai ta fito.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Marufi mana.

Mai Fassara: Marufi ya riga ya tafi ga robar da ake rufe gilashin gaba da ita. Kuma akwai gargaɗi a kansa, K1000 ba ta da makunnin kashe ma'aunin haske, in ba a mayar da marufin ba batir ya yi ta ci ke nan. In na kira abu biyu da suna ɗaya yara za su rikice.

Uwar Biyu: Aperture dai ƙofar haske. Ban ga abin wahala a nan ba.

Malam Bazazzagi: Na yarda da ƙofar haske. Ita kuwa ɗayar, ai Hausa ta gama mana aiki. Me abin yake yi? Ya buɗe ya rufe cikin ƙiftawar ido. Daga ƙifta sai mu sami maƙifti, a sahun mabuɗi da madubi da matsefi. Na daɗe ina amfani da ita a aji.

Ɗalibar Nahawu: Allah ya gafarta Malam, ba maƙifci ba? Ai t ba ta zama gaban i a irin wannan wuri. Mafici muke cewa, ba mafiti ba.

Malam Bazazzagi: Saurin yatsa ne. Maƙifci.

Ɗan Fagge: Malam, ni in na ga maƙifci a rubuce, mutumin nan zan gani wanda kana magana yana yi wa na bayanka ƙifce. "A guji taɓa maƙifci da yatsa." Wallahi yaran dariya za su yi ta yi har a tashi.

Malam Bazazzagi: Karin sauti ya raba su. Na kayan aiki duk sama yake tafiya.

Ɗan Fagge: Takarda za a buga Malam, ba a rediyo za a karanta ba.

Baba Mai Hoto: Salamu alaikum. Jikana ne ya nuna mini wannan zance, shi ke rubuta mini. Mu dai tun muna yaran shago shata muke cewa. Abin da ke cikinta kuma labule. Ku buɗe bayan K1000 ɗin ku duba, ƙyalle ne baƙi mai roba, kuma biyu ne ba ɗaya ba. In ka danna, na farko ya ruga gefe ya buɗe, na biyu ya biyo shi ya rufe. In ka sa gudun shata a 1/1000 na daƙiƙa ba ya jira na farko ya kai ƙarshe, a guje yake bin sa, sai ya zama 'yar tsaga ce ke ratsa fuskar fim. Shi ya sa in za ka sa filas ba ka wuce 1/60, nan ne fuskar ke buɗewa gaba ɗaya. Yaron da bai san labulen biyu ba ne, in ya ga hoto gefe ɗaya ya yi duhu ba zai gane tsohon man ciki ne ya daskare har na biyu ya cim ma na farko ba. Ido kuwa fatar da ta buɗe ita ke rufewa. Malam ya yi haƙuri, sunansa da daɗi amma zai koya wa yaro abin da ba haka yake ba.

Mai Fassara: Baba Allah ya ƙara lafiya. To in sa labule ko'ina?

Baba Mai Hoto: A'a ɗana. Akwai irin Yashica Mat mai gilashi biyu da muka yi aikin situdiyo da ita. Ita ba labule a cikinta, shatarta a cikin gilashi take, siraran ƙarafa ne da ke buɗewa daga tsakiya. Su ganye muke ce musu. Labule da ganye 'ya'ya ne, shata ce uwa.

Malam Bazazzagi: Baba, da girmanka, amma shata Turanci ne da baki ya tauna. Kuma muna da shata tamu, shata iyaka, shata fili. Sai yaushe za mu daina roƙo? Larabawa da abin ya zo musu ba su ara ba, daga kalmarsu ta rufewa suka ciro masa suna. Harshen da aka yi shekaru ana watsa labarai da shi daga Landan da Bon da Washinton a ce ya kasa raɗa wa ƙyalle suna?

Bakanike: Malam zo gareji ka raɗa wa kafireta da kuloci da birki suna, mu ga ko mota za ta tashi. Na'ura mai ƙwaƙwalwa da kuka ƙirƙiro, wa ke faɗinta a kasuwa? Kowa kwamfuta yake cewa.

Malam Bazazzagi: Jirgin sama fa? Wa ke cewa eroplen? Wanda ya fara faɗinta ma dariya aka yi masa, na tabbata.

'Yar Damagaram: Ku dakata. Kuna magana kamar Hausa a Jibiya ta ƙare. Mu nan ba wanda zai gane shata, da Faransanci masu hotonmu suka koyi sana'ar. Labule kuwa ko kakata ta san shi. In takardar za ta tsallako iyaka, kalmar da ta bayyana abu ta fi wadda aka aro daga Ingilishi.

Ɗan Fagge: Hajiya, daidaitacciyar Hausa ai ta Kano ce, kowa ya sani.

Basakkwace: Ga shi nan an fara. Daidaitacciya a rubutu, ba a asali ba. Ku da kuka haɗiye rabin harshen.

'Yar Damagaram: Kuma shata ba Hausar Kano ba ce, Hausar shagon hoto ce.

Uwar Biyu: Jama'a bawan Allah nan Alhamis yake da ita.

Ɗalibar Nahawu: Ni abin da na lura, Malam da Baba ba abu ɗaya suke nema wa suna ba. Malam aikin yake kallo, Baba kuma kayan. Takardar gyara kaya take magana a kai, abin da za a kwance a goge a mayar.

Malam Bazazzagi: To shi ya sa na ce maƙifci ya zama uwa, labule da ganye su zauna ƙarƙashinsa. Ban hana Baba 'ya'yansa ba.

Baba Mai Hoto: Ranar da yaron zai je neman kayan gyara ko ya kai wa wani tsoho aiki, ya ce maƙifci, za a ce masa babu. Ku rubuta abin da kuka ga dama, amma ku sa masa waɗannan. Kada ya taɓa labule da yatsa. Kada ya ɗiga man keken ɗinki a ciki, mai ɗin yana bin ganyen ƙofar haske ya manne su, sai ka ga hoto ya yi fari fat don ƙofar ba ta tsuke a kan lokaci ba. Kyamarar da ta daɗe a ajiye a riƙa ɗana ta ana dannawa a kowane gudu ko babu fim. Da damina kada a kulle ta cikin jakar fata, funfuna ke kama gilashi, in ya daɗe ya ci rufin gilashin ba ya gyaruwa. Da hunturu kuma ƙura, a fara hure ta da famfon roba kafin a sa ƙyalle, in ba haka ba ka kankare gilashin da hannunka.

Mai Fassara: Duk na kwafe. Soson fa Baba?

Baba Mai Hoto: Soso ne. In ya tsufa narkewa yake ya zama baƙin danƙo, haske ya riƙa satar hanya, ka wanke fim ka ga jan zane a gefe. Da tsinken sakace da ɗan sifirit ake kwashe shi, a hankali, kada ɓarɓashin ya faɗa kan labule. Akwai wani kuma a sama inda madubin cikin kyamara ke bugawa, shi ma a canja.

Uwar Biyu: Soson toshiya, don a bambanta shi da na madubin.

Bakanike: Wannan ya zauna.

Mai Fassara: To ga inda na tsaya, kowa ya yi haƙuri. Ƙofar haske ta shiga, da ƙarin bayani cewa lambar da ke jikin gilashi in ta girma ƙofar tsukewa take, 16 ta fi 2 ƙanƙanta. Soson toshiya da soson madubi sun shiga. Labulen farko, labule na biyu, ganye, duk sun shiga. Sunan uwar kuma shata zan sa, amma a karon farko zan bayyana ta da cewa ita ce mai buɗe wa haske hanya ta rufe, don mutanen Hajiya.

'Yar Damagaram: Ba haka na so ba. Amma tunda labule ya fi yawa a shafin, a je a haka.

Malam Bazazzagi: Ko a ƙasan shafi ba za a ambaci maƙifci ba? Layi ɗaya.

Mai Fassara: Malam wurin ya cika, hoton labulen ya cinye.

Malam Bazazzagi: Shi ke nan. Ni dai ɗalibaina da ita za su rubuta jarrabawa.

Ɗan Fagge: Ɗan ramin da ake sa ido a leƙa fa, me ka kira shi?

Mai Fassara: Tagar leƙe. Wannan shafin tun jiya yake wurin mai buga rubutu, don Allah kada a taso da shi.

Malam Bazazzagi: Maleƙa ce. A gyara a bugu na biyu.