Na ƙera manhajar rubutu, masu gwaji sun dame ni da neman ƙari

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata tana rubuta littafi a waya, babi-babi take turawa WhatsApp. Sai yara sun kwanta take samun sukuni, wayar kuma tsohuwa ce, in ta buɗe manyan manhajojin nan maɓallai sun cinye rabin fuskar, tana taɓawa tana jira. Wata shida na yi ina ƙera mata tata: farin shafi, sai layi ɗaya a saman kibod mai ɓ, ɗ, ƙ da 'y. Na ba wasu su gwada, yanzu kowa da buƙatarsa, launi, salon haruffa, ƙirga kalmomi, har da Ajami. In na biye musu, ta koma abin da muka guda. In na ƙi, su watse. Wallahi barci ya gagare ni.

Baban Walida: Wa alaikumus salam. Kada ka ƙara ko ɗigo. Da manhajar rubutu ta iA Writer ta fito a 2010, ko salon harafi ba ta bari a canza, kuma abin da ya sa aka so ta ke nan. Mai neman launi ba rubutu ya kawo shi ba.

Maman Ilham: Haba Baban Walida! Idona ya yi rauni, dole in ƙara girman rubutu, farin shafi kuma da biyun dare kamar an haska mini tocila ne. Ni bara ma babi 14 suka salwanta a wata manhaja, har yau abin yana ci mini rai.

Ɗan Maraɗi: Malam, mu a Nijar ƴ muke rubutawa, ba 'y ba. Kullum sai an manta da mu.

Mai tambaya: Na san da ƴ, layin ne ya cika. Maman Ilham, ai wayar kanta tana da wurin ƙara girman rubutu.

Baban Walida: Ka gani? Ka sa Markdown kawai, wato tsara rubutu da alamomi irin su tauraro ba da maɓallai ba, magana ta ƙare.

Maman Ilham: A Markdown tauraro biyu ke kaurara kalma, a WhatsApp ɗaya ne. Ƙanwar taka za ta bi kowane babi tana gyarawa?

Mai tambaya: Ita ba ta taɓa kuka da wannan ba. To Ajamin fa? Daga dama yake tashi zuwa hagu, sai na sake tsarin shafin gaba ɗaya. Ba wanda ya ce mini komai a kansa.