Abin da na tsinta a hirarmu kan batirin keken lantarki

To jama'a ga dai abubuwan da aka fi nanatawa. Wajen siya kar ka tsaya kan volt kawai, ka ninka volt ɗin da Ah (ma'aunin yawan cajin da batiri ke riƙewa) shi ne zai nuna maka ƙarfin da batirin ke ɗauka, misali 48V mai 13Ah zai ba ka 624Wh (Wh shi ne ma'aunin jimillar wutar da batiri ke ajiyewa). Kusan kowa ya ce a ɗauki lithium, na dalma ya fi arha amma nauyi gare shi kuma baya daɗewa. Ka tambayi mai shago wane sel ne a ciki (wato ƙananan baturan da aka harhaɗa a cikinsa), na kamfanin Samsung ko LG ko Panasonic, in ya fara kame-kame ka wuce abinka. Wasu sun fi son LiFePO4 (wani nau'in batirin lithium ne) don ya fi jure zafi, ni ma nan na karkata gaskiya saboda irin ranar da muke sha a watan Afrilu.

Maganar caji ce ta fi ɗaukar lokaci. Kar ka dawo daga tafiya batiri da zafi ka jona shi nan take, bari ya huce tukuna, kuma kar ka riƙa barinsa ya mutu murus, ya kai kamar kashi 20 ka sa caji. Caja kuwa nasa na asali, yawancin batirin 48V cajar 54.6V yake sha, na 36V kuma 42V, don Allah banda aron na maƙwabci. Kar ka kwana ka bar shi a jone, ballantana a ɗakin da yara ke barci ko bakin ƙofa.

In za ka ajiye keken na wata da watanni ka bar cajin wajen rabi, a inuwa. Batirin da ya kumbura ko yake wari a fitar da shi waje, kar a sake jona shi.