Shekara 45 a fili ɗaya: wannan koci ya ci riba kuwa?

Kocin Ƙofar Ruwa:
Salamu alaikum jama'a. Shekarata goma sha ɗaya ina horar da yaran unguwa, 'yan ƙasa da shekara sha biyar, a filin wata firamare. Jiya wajen atisaye wani yarona ya tambaye ni wai me ya sa har yanzu ban samu babbar ƙungiya ba. Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Da dare na ci karo da labarin Anson Dorrance, Ba'amurken da ya horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta Jami'ar North Carolina daga 1979 har ya yi ritaya a watan Agustan 2024. Mutumin da ya ciyo wa Amurka kofin duniya na mata a 1991, amma ya koma ya ci gaba da fama da ɗalibai. Masu sanin ƙwallon can, don Allah me ya zaunar da shi? Rashin buri ne, ko akwai abin da ban gane ba?

Baban Hanif:
Wa alaikumus salam Koci. Na yi karatu a jihar, na kuma shiga filinsu da ke Chapel Hill kallon wasa sau biyu. Filin ma sunansa aka sa masa tun yana kan aiki.

Kada ka auna jami'arsu da wasannin NUGA namu na jami'o'in Najeriya. A 1972 Amurka ta yi wata doka, Title IX, wadda ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a wasanni. Sai jami'o'i suka fara buɗe ƙungiyoyin mata, suna ba 'yan wasa tallafin karatu. Gasar ƙwararru ta mata kuwa ba ta fara a ƙasar ba sai 2001. Ka ga ke nan a zamaninsa jami'a ita ce ƙololuwa, ba wani wuri a sama da zai tafi. Ya ci kofin jami'o'i na NCAA sau 21, tara daga ciki a jere, 1986 zuwa 1994.

Abin da zai fi yi maka amfani shi ne yadda yake atisaye. Duk abin da aka yi a fili rubuta shi ake yi: wa ta ci a gaba-da-gaba, wa ta riga kowa a tsere, wa aka ƙwace wa ƙwallo. Sai a jera sunaye daga ta ɗaya har ta ƙarshe, kowa ya gani. Ya ɗauko dabarar ne daga Dean Smith, kocin ƙwallon kwando na jami'ar. Yarinya ba za ta ce koci ya tsane ta ba, ga takarda nan.

Maman Ilham:
Malam Koci, ni ta ɓangaren ɗalibansa zan ba ka amsa. Mia Hamm, tauraruwar ƙwallon Amurka, a hannunsa ta tashi, tana shekara 15 ya kira ta ƙungiyar ƙasa. Sarina Wiegman, wadda ta ciyo wa Ingila kofin Turai a 2022 da 2025, ta buga masa a 1989. Lucy Bronze da Alessia Russo, 'yan wasan Ingila, duk sun ratsa ta wurinsa. Mu ma mun ɗanɗana kuɗarmu: a kofin duniya na 1999 Super Falcons suka fara jefa wa Amurka ƙwallo a Chicago tun wasa bai yi nisa ba, aka tashi Amurka 7, mu 1, Hamm na cikin waɗanda suka ci. Ranar ni da yayana a gaban talabijin, murnarmu ba ta kai minti ashirin ba.

Ɗan Tudun Wada:
Ku yi haƙuri, ni ban cika yarda da yabon nan ba. Idan duk yarinyar da ta fi iya ƙwallo a ƙasa wurinka take son zuwa, cin kofi ba abin mamaki ba ne. Da sauran jami'o'i suka zuba kuɗi, ai kofinsa na ƙarshe a 2012 ya tsaya. Wata huɗu da tafiyarsa, mataimakinsa Damon Nahas ya ɗauko kofin. Sannan kada a manta a 1998 tsofaffin 'yan wasansa biyu sun kai shi ƙara kan zargin cin zarafi da maganganun da ba su dace ba, aka daɗe ana shari'a, jami'ar ta sasanta da ta ƙarshensu a 2008 da biyan kuɗi. Mai riƙe da 'ya'yan mutane, wannan ma yana cikin lissafinsa.

Baban Hanif:
Maganar ƙarar gaskiya ce, ban musa ba. Amma batun 'yan wasa suna ruguguwar zuwa wurinsa, wa ya gina wurin har ya zama abin so? A 1979 babu komai a can, ƙungiyar maza yake horarwa aka ɗora masa ta mata a kai.

Kocin Ƙofar Ruwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ɗan Tudun Wada, maganarka ta shige ni, don ni ma iyaye ne suke miƙo mini yaransu ba tare da sun tambayi komai ba. Baban Hanif, na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, ranar Asabar zan fara jera sunaye. Tsorona ɗaya: akwai wani ƙaramin gola da nake da shi, maraya ne, in ya ga sunansa a ƙasa ba lallai ya dawo ba. Su a can, na ƙarshen jeri yaya ake yi da su?