Gwajin ɓeraye kan shanyewar ɓarin jiki: yaushe ake fara motsa gaɓa?

Ɗaliba daga Birni:
Assalamu alaikum malamaina. Yaya ake jawo wa ɓera wannan ciwon a ɗakin bincike, kuma yaushe ya dace a fara horar da ƙafar da ta shanye? Ina so in san ko sakamakon zai amfani masu hawan jini da ke zuwa kine, wato wurin horar da gaɓoɓin da suka shanye, a nan Damagaram.

Likitan jijiya:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. An fi bin hanyar wani mai bincike, Longa, ta 1989. Ana zura siririn zaren nailan ta jijiyar jini ta wuya, kamar milimita 18 zuwa 20, har ya toshe jijiyar tsakiya ta ƙwaƙwalwa. A bar shi minti 60 zuwa 90, sannan a zare. In aka tura ya zarce, jijiya ta huje, jini ya malala, gwaji ya ɓaci. Zafin jiki kuma a tsare shi a digiri 37, don sanyi na kare ƙwaƙwalwa, sai a zaci magani ne ya yi aiki.

Batun lokaci, a 2004 masu bincike Biernaskie da Corbett sun fara horar da ɓeraye a kwana na 5, na 14 da na 30 bayan jawo musu ciwon. Na kwana 5 suka fi murmurewa, na kwana 30 kuwa kusan kamar ba a taɓa su ba. Amma gaggawa ma illa ce: a gwajin Kozlowski na 1996 an ɗaure ƙafa mai lafiya nan take don ɓera ya yi aiki da wadda ta shanye, raunin ƙwaƙwalwar ya ƙara faɗi.

Ma'aikacin kine, Zango:
Gaskiya ne, likita. Ga mutane ma, gwajin AVERT na 2015 ya nuna yawan tada majinyaci cikin awa 24 na farko na rage samun sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne yawan maimaici. Dabba na miƙa ƙafa ɗaruruwan sau a yini, majinyaci kuwa wajen sau 30 a zama guda. Dole iyali su ci gaba a gida: ɗaukar kofi, tsintar wake, ɓalla maɓalli. A kula kuma, in yana karkata kafaɗa don ya kai hannu, dabara ce ya koya, hannun bai warke ba.

Malamar haɗa magunguna:
Ƙanwata, ki yi hattara da labarin magani. Bitar 2006 ta ƙirga magunguna 1,026 da aka gwada, kuma maganin NXY-059 da aka sa wa rai ya faɗi a gwajin mutane a 2007. Ɓerayen galibi matasa ne lafiyayyu, namu kuwa dattawa ne masu hawan jini da ciwon sukari. Kafin ki yarda da sakamako, duba shekarun dabbar, da ko mai aunawa ya san wadda aka ba magani, don bai kamata ya sani ba.