Tambaya kan abin dangwalen tako mai hawa bakwai na ranar Super Bowl

Maman Haidar ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a Amurka kuma suka san kan girkin nan da ake kira Tex-Mex, wato haɗin girkin Texas da na Meziko. Maƙwabtanmu a nan Houston sun gayyace mu kallon wasan ƙarshe na gasar NFL ta ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wato Super Bowl, kuma bisa al'adar irin wannan zama kowane gida yakan zo da abin da za a ci. An ɗora mini yin abin dangwalen tako (tako wani abincin Meziko ne), wanda ake jerawa hawa-hawa a kwanon gilashi ana ci da soyayyen totiya na masara. Na sha cin sa a wurin taro, kuma na lura cewa wani lokaci yakan zo da kyau, kowane hawa a tsaye da launinsa, wani lokaci kuma kafin a je hutun rabin lokaci ruwa ya kwanta a gindin kwanon, fiyar ta yi duhu, totiyar ma tana karyewa a ciki. Ina so in san wane hawa ne ke fara shiga da kuma dalilin hakan, sannan ko zan iya haɗa shi tun daren Asabar, tunda ranar Lahadi ake wasan. Haka kuma ban sani ba ko nama dole ne a ciki. Za mu kai mutum ashirin da yara, kuma ina so ya zama abin da ni da iyalina za mu ci hankali kwance.

Hajiya Uwani ta amsa:

Wa alaikumus salam, Maman Haidar. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda kika gani a gindin kwanon nan daga wuri uku yake fitowa: salsa (miyar tumatir da albasa da barkono), ɗanyen tumatir, da kirim mai tsami, wanda yakan tsatso ruwa idan ya daɗe a ajiye. Idan kika magance waɗannan ukun, sauran aikin jerawa ne kawai.

Ga mutum ashirin da za su sami wani abincin a gefe, kwanon gilashi mai faɗin inci 9 da tsawon inci 13 ya isa. Hawa na farko shi ne markaɗaɗɗen wake, gwangwani biyu masu oza 16 kowanne, domin shi ne mafi nauyi da kauri, kuma shi zai ɗauki duk abin da ke samansa. Sai dai kada ki juye shi yadda ya fito daga gwangwani, saboda da ya yi sanyi a firji yakan daskare, kuma wannan taurin ne ke karya totiya a hannun mutane. Ki zuba shi a wani kwano, ki sa masa ruwan lemon tsami da cokali uku ko huɗu na ruwan salsa, ki buga shi har ya yi laushin da cokali zai ratsa shi ba tare da ƙarfi ba, sannan ki shimfiɗa.

Hawa na biyu shi ne gwakamole, wato murƙushasshiyar fiya. Ki samo fiya huɗu irin ta Hass da suka nuna, waɗanda ke ɗan lotsawa idan an danna su a tafin hannu, ki murƙushe su da cokali mai yatsu tare da ruwan lemon tsami biyu, gishiri, da yankakkiyar albasa kaɗan. Ni ba na sa tumatir a cikinsa idan na wannan haɗin ne, domin ƙarin ruwa ne a tsakiyar kwano inda ba shi da hanyar fita. Abin da ke sa fiya ta yi duhu shi ne haɗuwarta da iska, tsamin lemo kuma rage saurin abin kawai yake yi, ba ya hana shi gaba ɗaya. Saboda haka hawa na uku yake da muhimmanci: kirim mai tsami oza 16, a buga shi da cuku mai laushi, wato kirim-ciz, oza 8, da fakiti ɗaya na kayan ƙamshin tako. Ki fitar da kirim-ciz ɗin daga firji kamar awa guda kafin ki fara, in ba haka ba zai yi gudaji. Shi ne yake ba hawan kauri ya kuma riƙe ruwan kirim ɗin. Wajen shimfiɗawa, ki ɗiɗɗiga shi da cokali a wurare da yawa a kan fiyar, sannan ki haɗe su a hankali har ya taɓa gilashin ta kowane gefe, kada ki bar ko ɗan wurin da kore ke leƙowa. Idan kika yi haka kin toshe wa iska hanya, kuma fiyar za ta kai dare da korenta.

Salsa ita ce ta huɗu, kuma a nan yawancin mutane ke yin sakaci. Ki juye kofi biyu a mataci ki bar shi kamar minti ashirin, za ki yi mamakin yawan ruwan da zai fita, kuma daga cikinsa ne za ki ɗebi wanda na ce ki sa wa wake. Sai cuku kofi biyu, ko dai cheddar ko Monterey Jack ko a gauraya su. Na fi son in gurza da kaina, domin wanda ake sayarwa a gurje ana barbaɗa masa sitaci ko wani gari don kada ya manne, kuma a abincin da ba a dafawa ana jin garin a harshe. Daga nan sai tumatir irin na Roma guda uku, a cire 'ya'yan da ruwan cikin, a yanka ƙanana, a barbaɗa gishiri a bar su su tsane a kan takardar goge hannu. A ƙarshe a watsa yankakken baƙin zaitun da ganyen albasa. Masu son yaji sukan ƙara barkonon halafenyo, amma tunda akwai yara, gara ki sa shi a gefe.

Baban Zara ya amsa:

Hajiya ta gama magana a kan jerawa, Allah Ya saka mata. Zan taɓa abin da Malama Maman Haidar ta ambata a ƙarshen tambayarta, wato cin abin hankali kwance, domin akwai wurin da ya kamata a tsaya a duba. Asalin markaɗaɗɗen waken nan a girkin Meziko da na Texas da kitsen alade ake soya shi, kuma har yanzu da yawa daga cikin gwangwanayen da aka rubuta wa “traditional” suna ɗauke da shi. Malama, ki juya gwangwanin ki karanta jerin kayan da ke ciki. Idan kika ga kalmar “lard”, ki mayar da shi, ki ɗauki wanda aka rubuta wa “vegetarian”, wanda da man tsiro ake yin sa. Idan kina da lokaci ma, ki sayi waken pinto dafaffe na gwangwani, ki soya albasa da tafarnuwa a man zaitun, ki zuba waken da ɗan ruwansa da kumin, ki murƙushe shi a cikin kaskon. Aikin bai wuce minti goma sha biyar ba, kuma ɗanɗanonsa ya fi. Ki kuma duba kirim mai tsamin, musamman wanda aka rage wa maiƙo, domin wasu kamfanoni suna sa masa jelatin don ya yi kauri, kuma ba kasafai suke faɗin dabbar da aka samo shi ba.

Abu na biyu shi ne tsawon zaman. Ana take wasan ne da misalin ƙarfe 5:30 na yamma agogon Houston, kuma da tallace-tallace da dogon hutun rabin lokaci yakan kusa cin awa huɗu, ga shi baƙi sukan iso tun kafin a fara. Ƙa'idar da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka take bayarwa ita ce kada abincin da ke lalacewa ya wuce awa biyu a waje da firji, domin tsakanin digiri 40 da 140 a ma'aunin Fahrenheit ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Wannan haɗin kuwa akwai kayan madara da yawa a cikinsa. Shawarata ita ce, kayan da Hajiya ta lissafa ki raba su a kwano biyu matsakaita maimakon babba guda. Ki fitar da na farko idan mutane sun zauna, na biyu ya jira a firjin masu gida, idan an je hutun rabin lokaci sai a ɗauke na farko a kawo sabo. Bayan maganar lafiya ma, kwanon da mutum ashirin suka yi awa biyu suna dangwala ba ya ba kowa sha'awa, kuma waɗanda suka makara za su sami mai kyau.

Anti Rabi ta amsa:

Na yarda da kusan duk abin da aka faɗa, amma ina da ja da Hajiya a kan barin nama shiru, tunda Maman Haidar ta tambaya. Nama ba dole ba ne, kuma wanda aka fi sani da hawa bakwai ba shi da nama ko kaɗan. Matsalar niƙaƙƙen naman sa a abincin sanyi ita ce kitsensa yakan daskare ya yi fari, ya kama dasashi, kuma babu kayan ƙamshin da ke ɓoye wannan. Idan har kina son naman, 'yar'uwa, to ki yi masa nasa kwanon mai zafi: ki soya shi har ya dahu sosai, ya kai digiri 160 a ma'aunin Fahrenheit, ki tsiyaye man, ki sa kayan ƙamshin tako, ki ɗora shi a kan wake, ki rufe da cuku, ki sa a tanda har cukun ya narke. Wannan a ajiye shi a tukunyar lantarki mai riƙe zafi, shi kuma mai sanyin ya zauna a gefensa. Haɗa su wuri ɗaya ɓata duka biyun ne.

Kuma ina roƙonki kada ki biye wa hotunan da ake yi da dogon kwano mai zurfi. Yana da kyau a ido, amma totiya ba ta kaiwa gindinsa, sai mutane su kwashe cuku da kirim na sama su bar wake da fiya a ƙasa, alhali daɗin abin shi ne a loma ɗaya a haɗa duka. Zurfin haɗin kada ya wuce inci biyu. Ki sayi totiya mai kauri ko mai siffar ɗan koko, ki kuma ajiye babban cokali da ƙananan faranti, don kowa ya ɗiba ya koma mazauninsa, musamman yara, waɗanda sukan gatsa su sake tsomawa.

Maman Haidar ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Maganar kitsen alade da Baban Zara ya yi ta sa zan dafa waken da kaina, kuma na ajiye batun nama. Saura tambayata ta daren Asabar, domin ranar Lahadi da safe ina da wani uzuri, ba zan dawo gida ba sai bayan azahar. Hajiya, shin in haɗa shi gaba ɗaya in rufe, ko akwai abin da ya kamata ya jira? An kuma ce mini idan aka bar ƙwallon fiya a cikin gwakamole ba ya yin duhu, ko hakan gaskiya ne?

Hajiya Uwani ta amsa:

Batun ƙwallon fiya ba shi da tushe, ƙanwata. Wurin da ƙwallon ya danne kawai ke zama kore, saboda iska ba ta kai wurin ba, sauran kuwa duhu zai yi kamar kullum.

Game da daren Asabar, ki raba aikin biyu. Da dare ki dafa waken ki bar shi ya huce sosai kafin ya shiga kwano, domin wake mai ɗumi yana narkar da abin da aka ɗora masa kuma tururinsa ruwa ne. Ki buga haɗin kirim ɗin, wanda kwana ma ƙara masa daɗi yake yi tunda kayan ƙamshin za su ratsa shi, ki gurza cukun, ki bar salsa a mataci cikin firji, kowanne a mazubinsa a rufe. Idan kin dawo ranar Lahadi sai ki yi gwakamole, ki jera, aikin ba zai kai rabin awa ba, kuma ya samu kamar awa guda a firji don hawan su zauna kafin ku fita. Idan kuwa kina ganin lokacin zai ƙure miki, za ki iya jera hawa ukun farko tun dare, wato wake da fiya da kirim, da sharaɗin kirim ɗin ya rufe fiyar ruf har bakin gilashi, ki kuma shimfiɗa leda ta kwanta a jikin kirim ɗin. Abin da ban yarda ya kwana a kai ba shi ne salsa da tumatir da ganyen albasa, domin gishirin da ke cikin haɗin zai yi ta jawo ruwansu har gari ya waye. Su ki tafi da su a ƙananan robobi, ki zuba a gidan maƙwabtan naki, na kwano na biyun kuma kada ki zuba sai lokacin da za a fitar da shi. Abin da ya saura a kwanon da bai wuce awa biyu a waje ba zai iya yin kwana uku a firji, ko da yake fiyar za ta fara duhu ta wurin da aka ɗiba, shi kuwa wanda ya wuce awa biyun a kan tebur, zubar da shi ya fi.