Injin Subaru a tsohuwar Kombi: gyara ne ko tsokano tsuliyar dodo?

Mai Sifana: Jama'a, ga magana a faifai. Duk mai tsohuwar bas ɗin Volkswagen ta zango, irin mai gado da murhu a ciki, wato Kombi, ƙira ta biyu (T2) ce ko ta uku (T3), in injinta ya gaji kada ya ɓata lokaci wajen sake gina shi. Ya sauke ya ɗora na Subaru, wanda ruwa ke sanyaya shi. Injin Volkswagen 1600 da iska ke sanyayawa ƙarfin doki 50 ne kacal, na lita 2 doki 70, ga mota in an loda ta sai ta haura tan 2. EJ22 na Subaru, mai lita 2.2, yana ba da kusan doki 135, EJ25 mai lita 2.5 kusan 165. Su ma a kwance suke, silinda biyu dama biyu hagu, don haka suna shiga ƙarƙashin murfin inji ba sai an ɗaga gado ba. An kuma huta da saita bawul duk kilomita 5,000. Mai ja ya fito.

Baba Tsohon Hannu: Na fito, yaro. Kuskurenka na farko shi ne ka yi wa T2 da T3 kuɗin goro. T3 da aka ƙera daga wajen 1983 zuwa sama da lagiretonta ta zo a gaba, da bututun ruwa biyu da suka bi ƙarƙashinta har baya, da fanka, da hita. Rabin aikin masana'anta ta riga ta yi maka. T2 ta Jamus kuwa, daga 1967 zuwa 1979, ko ɗigon ruwa babu a jikinta. Ina za ka kai lagireton? In ka liƙa shi a hanci ka ɓata mata fuska. In ka kwantar da shi a ƙasa tsakanin ƙarafan shasi, sai ka ƙera masa kwarkwaron da zai kamfato iska, kuma shi ne zai fara gaisawa da dutse da taɓo. In ka tsayar da biyu a gefen ɗakin inji, iskar da ke shiga ta hujin sama ba a ƙera ta don wannan ba, fanka za ta wuni tana ihu. Injin da ka ce ya fi ƙarfi, zafin da yake fitarwa ma ya fi yawa, kuma hawan tudu mai tsawo da kaya shi ke tona asirin aiki.

Mai Sifana: Baba, ai Volkswagen da kanta ta yi. A Burazil daga 2006 har aka daina ƙera Kombi a 2013, injin ruwa na lita 1.4 ne a bayanta, lagireto a hanci. A Afirka ta Kudu kuma an yi ta ƙera T3 da injin silinda biyar irin na Audi har 2002.

Baba Tsohon Hannu: Ka taimake ni da hujja. A hanci suka sa shi, saboda nan ne iska take. Ta Afirka ta Kudu kuwa sai da suka ɗaga benen baya kafin injin ya shiga. Masana'anta ta sake zana jikin mota, kai kana so ka yi da walda da fatan alheri.

Injiniya Mai Ruwa: Bari in tsaya a kan ruwan, don nan ne yawancin ayyukan ke lalacewa, har a T3 ɗin da Baba ya ce mai sauƙi ce.

Tamostat ɗin Subaru, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, ba a saman inji yake ba. A ƙasa yake, a bakin famfon ruwa, wajen da ruwan lagireto ke dawowa, kuma yana fara buɗewa a digiri 78. Abin da ke sanar da shi cewa inji ya yi zafi shi ne ruwan da ke dawowa daga hita yana wanke bayansa. A motar Subaru ruwan hita ba ya tsayawa, ko an kunna ko ba a kunna ba. A T3 akwai bawul da ke toshe layin in ka kashe hita. To ka haɗa su haka kai tsaye: ka kashe hita, ruwan zafi ya daina isa ga tamostat, ruwan sanyi na lagireto na dukansa ta ɗaya gefen, sai ya ƙi buɗewa. Inji na tafasa, lagireto sanyi ƙalau, mai mota na ta canza famfo da fanka a banza. Maganin ɗan tiyo ne na milimita 16 da zai haɗa fita da dawowar hita kusa da inji, ruwa ya riƙa kewayawa kullum.

Na biyu, bututun ruwan da ke kwance a saman injin Subaru bakinsa na kallon inda lagireto yake a motarsa ta asali. A bas injin ya juya baya, don haka bakin na kallon bamba. Ana juya bututun a yi masa walda ta alminiyom, ko a zagayo da ƙarfe mara tsatsa. A guji tulin guntayen tiyo da kilif goma sha, kowane kilif ƙofar yoyo ce.

Na uku, iska. Tsarin T3 na ɗaukar ruwa sama da lita 17, kuma saman lagireto na tara iska. A ɗaga gaban mota kamar santimita 40, a buɗe hita duka, a riƙe inji a juyi 2,000 a minti, a sassauta noti na saman lagireto har ruwa ya fito ba kumfa, ana ƙara ruwa a tankin baya kada ya sauka. Washegari a sake in inji ya huce. T3 masu bututun roba kuma a duba bakinsu, ƙarfen da ke ciki yana zamewa waje in sun tsufa.

Oga Giyabos: Kuna ta ruwa, babu wanda ya tambayi wa zai ɗauki ƙarfin. Injin 2.1 na T3 ƙarfin murɗawarsa, da ake aunawa da Nm, 160 zuwa 174 ne, gwargwadon samfuri. EJ25 ya haura 220. Giyabos ɗin T3 yana da sanannen rauni a zoben da ke tsakanin giya 3 da 4, yana tsagewa ko da injin asali, sai mota ta maƙale a giya ɗaya. In ba a buɗe an sa sabon zoben da aka gyara ƙirarsa ba, Subaru zai gaggauta masa ajali ne kawai. A T2, giyabos 002 na masu 1600 ya yi ƙanƙanta, 091 na 1976 zuwa sama mai haƙarƙari shida a jikinsa shi ya fi jurewa.

Sai lissafin juyi. Da taya 185R14, a gudun kilomita 100 ƙafa na juyawa kusan sau 840 a minti. T3 mai giya huɗu, giyar ƙarshe 0.85, difarenshal 4.83: ka ninka, inji na wajen 3,400. T2 mai 5.375 da 0.82 tana wajen 3,700. Subaru ba zai mutu da wannan ba, amma sauƙin shan man da ake yi wa mutane alkawari a nan yake zurarewa. In aka sa giya ta huɗu 0.77 a kan difarenshal 4.57 zai sauko ƙasa da 3,000 kaɗan.

Haɗa injin da giyabos kuma hanya biyu ce: farantin haɗi da filawil na musamman da kulocin Volkswagen, ko gidan kuloci sabo da ke karɓar filawil da kulocin Subaru. Ko wanne aka bi, kada a manta da fil biyu masu daidaita tsakiya da ƙaramin boris na cikin filawil. In tsakiya ta kauce ko da kaɗan, sandar giyabos za ta cinye silinta, mai ya zubo kan kuloci.

Ɗan Dizal: To in ƙarfin ja ake nema, me ya kai mu Japan? TDI 1.9, injin dizal mai tabo, na gida ne, na Volkswagen. Samfurin 1Z doki 90, AFN doki 110 da Nm 235 tun daga juyi 1,900. T3 da ta zo da dizal, irin mai injin JX, tana da komai: gidan kuloci, kaskon mai da ƙarafan ɗaukar inji da ke kwantar da shi digiri 50. Motar zango mai nauyi a ƙasan juyi take son ƙarfi, ba a 4,400 irin na Subaru ba.

Oga Giyabos: Malam Ɗan Dizal, wannan ƙarfin na ƙasan juyi shi ne guduma a kan haƙoran giya. Kuma giyabos ɗin dizal na asali gajere ne ƙwarai, TDI zai yi ta kururuwa a inda ƙarfinsa ya riga ya faɗi. Shi yana son wajen 2,600 zuwa 2,800 a kan babban titi, wato 0.77 a kan 4.14. A fetur sake giya zaɓi ne, a TDI dole ne.

Ɗan Dizal: Na amsa wannan. Akwai ma neman wajen da za a sa na'urar sanyaya iskar tabo, da totur ɗinsa na lantarki da sai an ja masa waya tun daga ƙafar direba. Ban ce banza ba ne, na ce ya fi dacewa da nauyin.

Hajiya Mai Waya: Yallaɓai Mai Sifana, ka ce "ya sauke ya ɗora" kamar buhun masara. Ƙarfe kwana biyu ne, waya ita ke cin makonni. Kada a sayi inji tsirara. A samu motar gaba ɗaya, a ji kukanta, a auna matsin kowace silinda, sannan a zare wayar inji da ta bayan dashbod, kwamfutar inji, rile na wuta da na famfon mai, sensar iska, da soket ɗin na'urar bincike. Daga nan a bi zanen wayar wannan shekara da wannan samfuri tak, don Subaru na sauya ƙafafun kwamfuta daga shekara zuwa shekara, a tsince na fitila da gilashi da sauransu a bar na inji.

Abu uku ke dawo da mota gareji. Kwamfutar Subaru na neman siginar gudun mota, tsohuwar bas kuwa da igiya take auna gudu. In ba a ƙara sensa a kan mahaɗin aksul ko bayan agogo ba, inji kan mutu in an taka kuloci ana shirin tsayawa. Sai wayoyin ƙasa na kwamfuta, waɗanda ake ɗaurewa a kan manifol ɗin iska: in aka yi wa wurin fenti ko aka bar noti sako-sako, za ka ga laifuffukan da ba su da kai ba su da gindi. Na uku, injinan bayan 2005 yawanci da makullin tsaro suke, in babu makulli da zobensa da akwatinsa na wannan motar, inji zai juya ba zai tashi ba. Shi ya sa ake son na 1996 zuwa farkon shekarun 2000, suna da soket ɗin na'urar bincike na OBD2, ba su da yawan fitina.

Baba Tsohon Hannu: A ƙara da mai. Kafireto matsin mai na bar 0.2 ya ishe shi, Subaru na son wajen bar 3. T3 mai injekta famfonta da layin dawowa suna nan. T2 mai kafireto sai sabon famfo, matata, layin da zai mayar da mai tanki, da tiyo mai lamba R9. Tankin T2 a gaban inji yake, sama da giyabos. Tsohon tiyo a wannan matsi ba ɗiga yake ba, feshi yake a kan salansa. Kuma T2 ta kafin 1971 birkin ganga ne har gaba. Ka ninka ƙarfin kusan sau uku ka bar birkin?

Mai Sifana: To ku faɗi laifin injin asali mana. 1.9 da 2.1 na ruwa ba su ne masu zubar da ruwa ta robar kan silinda ba, dogayen notin kai su yi tsatsa su karye a cikin ruwa?

Injiniya Mai Ruwa: Su ne, musamman in an daɗe ba a canza ruwan sanyaya ba ko an zuba wanda bai dace ba. Amma EJ25 ma ba waliyyi ba ne. Mai kamshaf huɗu na 1996 zuwa 1999 gasket ɗinsa ta ciki yake ƙonewa, ya tura hayaƙi cikin ruwa. Na bayansa mai kamshaf biyu ta waje yake tsatsafo. Kafin inji ya shiga mota a sa gasket na ƙarfe mai falle-falle, taimin bel da duk fulinsa, famfon ruwa, silin baya, a kuma duba farantin da ke bayan filawil, na roba yana yoyon baƙin mai. EJ25 in bel ya tsinke fistin zai doki bawul. EJ22 na 1990 zuwa 1996 ba ya yi, shi ya sa ake ƙaunarsa, sai dai shi ma yanzu ya kai shekara talatin. Sabon inji ne a baki kawai.

Kaskon mai ma na Subaru yana rataye ƙasa sosai. Ana rage masa tsawo a faɗaɗa gefe don ya riƙe lita 4 ɗinsa, a rage bututun tsotso ya tsaya milimita 6 zuwa 10 daga ƙasan kasko. Ya manne, inji ya rasa mai. Ya yi nisa, ya sha iska a kwana.

Hajiya Mai Waya: Akwai takardu kuma. A Jamus sai TÜV, masu gwajin lafiyar motoci, sun duba an shigar da canjin, kuma lambar H ta motocin da suka kai shekara 30 tana iya suɓucewa in injin ba na zamanin motar ba ne. A Birtaniya motar da ta kai shekara 40 ana ɗauke mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wato MOT, amma ban da wadda aka yi wa babban sauyi cikin shekara 30 da suka wuce. Inshora ma a sanar da su kafin, ba bayan haɗari ba.

Mai Sifana: Na janye rabi. T2 mai jiki na asali a bar mata iskarta, a gina na lita 2 da kyau, a toshe duk robar da ke kewaye da inji kada ya shaƙi zafinsa. Amma T3 mai ruwa wadda 2.1 ɗinta ya ci notin kai, ina nan kan bakana: Subaru.

Baba Tsohon Hannu: Wanne? In 2.2 ne ba zan yi musu ba.

Mai Sifana: 2.5, Baba. Wanda zai sha duk wannan wahala ya tsaya a 135?

Oga Giyabos: To ka sauke giyabos ɗin tare da injin, tunda noti huɗu ne ya haɗa su. A buɗe, a canza zoben 3 da 4 da boris na finiyon, a zuba mai 75W-90, sannan a zo a yi maganar 2.5.